GASHIN GANYEN TUMATIR DA TSUTSAR SHARON

(Wannan jawabi ne da ma'aikacinmu na sashen noma ya gabatar wa wakilan ikkilisiyoyin ƙauyukan Kura da Bunkure a taron shirin noman rani. Mun buga shi domin 'yan'uwan da ba su sami zuwa ba. Muna roƙon fastoci da masu bishara su karanta wa jama'a bayan sujada.)

  Na san akwai wanda ya bar shanya, akwai wanda ya bar reno ba a ba shi ruwa ba, duk domin wannan zama. Allah ya sāka.

Kafin in ce komai, ga reshen tumatir nan na zagayawa. Kowa ya tsinki ganye ɗaya, ya murza tsakanin yatsu biyu, ya sansana. Baba, kai ma ka taɓa, kada ka ce ka riga ka sani. Kun ji wannan warin? Kun ga yadda yatsa ke ɗan yin danƙo? Duk wanda ya taɓa yini yana tsinkar tumatir ya san yadda hannu ke komawa kore, daga baya ya yi baƙi, in an zo wankewa da sabulu kumfar ta fito rawaya. Da yawanmu muna ɗauka dattin gona ne. Ba datti ba ne. Ku ɗaga ganyen sama wajen haske, ku dubi kara da bayan ganyen. Akwai gashi fari-fari, ƙanana. Daga cikinsu wannan wari da danƙo suke fitowa. A kan wannan gashin zan yi magana yau, domin yana da alaƙa da abin da ya fi damun mu a noman rani, wato tsutsar da muke kira sharon.

Ba sai na tuna muku 2016 ba. Tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, ruwan kanal ya shigo Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, iyayenmu sun ga masifu iri-iri a tumatir, amma ba su taɓa ganin irin ta wannan shekarar ba. Mutum ya bar gonarsa kore shar, bayan 'yan kwanaki ya tarar da ita kamar an bi ta da wuta. Kasuwar Kwanar Gafan da ake rasa wurin ajiye kwando ta yi tsit. Masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a watan Maris na shekarar ta tsaya domin babu tumatirin da za ta niƙa. A watan Mayu gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, jaridu kuma suka sa wa abin suna Ebolar tumatir. A ikkilisiyoyinmu kuwa mun gan shi a wani wurin: yara sun zauna gida babu kuɗin makaranta, an ɗaga bukukuwan aure, an sayar da awaki domin biyan bashin taki. Ta sake dawowa da ƙarfi a 2023, kuma tsakanin nan ba ta taɓa barinmu gaba ɗaya ba.

Masana suna kiranta Tuta absoluta. Baƙuwa ce. Asalinta Amurka ta Kudu, a ƙasar Feru aka fara rubuta bayaninta a 1917. Ta ƙetare teku ta shiga Sifen a 2006, ta sauka Afirka ta Arewa a 2008, aka tabbatar da ita a Nijeriya a 2015. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba, da rana yana ɓuya, da almuru yake fitowa. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai har 260. In ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ba ta daɗewa a waje. Sai ta huda ganye ta shige tsakanin fatar sama da ta ƙasa, tana ci tana barin wannan farin tabo mai kama da takarda da baƙin kashi a ciki. Lokacin zafi, cikin wata ɗaya ko ƙasa da haka ta zama uwa ita ma. Shi ya sa a hunturu ba a cika jin ta ba, amma bazara na shigowa sai ta tashi kamar an zuba.

To ku lura da abu ɗaya a nan. Tsutsar tana cikin ɗaki, mu kuma muna feshi a kan rufi. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai yi feshi yau, jibi ya sake, amma bai ga canji ba.

Yanzu bari in kai ku inda tumatir ya fito. Abin mamaki, gidansu ɗaya da sharon. A yammacin Amurka ta Kudu, ƙasashen Feru da Ekwado da arewacin Cile, daga bakin teku har kan tsaunukan Andis, har yau akwai tumatirin jeji, wajen iri goma sha biyu. Ba wanda ya shuka su, ba mai ba su taki, ba mai yi musu feshi. Yawancinsu 'ya'yansu ba su fi tsamiyar biri ko magarya girma ba, wasu ko sun nuna kore suke zama, ba sa ciwuwa. In ka ga irinsu a bakin kanal za ka nome su ne a matsayin ciyawa. Daga ɗaya cikinsu aka samo tumatirin gida, mutanen yankin da na Meziko suka riƙa zaɓe suna shukawa, Turawan Sifen suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga baya ya iso mu.

Waɗannan na jeji sun zauna da ƙwari tun fil azal, amma ba su ƙare ba. Masana suka tambayi dalili, kuma babban ɓangare na amsar yana cikin gashin ganye. Tun a 1943 wani masani Bature mai suna Luckwill ya duba gashin tumatir a madubin ƙara girma, ya kasa shi kashi bakwai. Mu dai mu riƙe kashi biyu. Akwai gashi zalla, mai tsini, kamar ƙaiƙayin kuɓewa. Aikinsa tare hanya, kamar shingen ƙaya. Akwai kuma gashi mai kai, wanda a ƙarshensa akwai ɗan ƙullutu kamar kan ashana. Wannan ƙullutun tulu ne cike da magani. Shi ne kuka fasa ɗazu da kuka murza ganye.

Wani tumatirin jeji da ake kira Solanum pennellii, wanda ke fitowa a busassun wurare a Feru, gashinsa yana tsatso wani danƙo mai haɗin sukari da mai. Yana yin sa da yawa ƙwarai, har an auna a wasu aka ga ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin busasshen ganyen. Ƙaramin ƙwaro in ya sauka a kai sai ƙafafunsa su kama, kamar tsuntsu a danƙon tarko. Wanda bai maƙale ba ba ya jin daɗin ci, uwar kuma ba ta son saka ƙwai a wurin. Wani na tsibiran Galafagos shi ma haka yake, kuma an same shi da ƙarfi wajen korar farin ƙuda, wannan da ke kawo mana ciwon nannaɗewar ganye.

Wani kuma, Solanum habrochaites, gashi gare shi har a jikin 'ya'yansa. Nasa maganin ba danƙo ba ne, wari ne da guba. Wasu daga cikinsu suna yin wani mai ɗan'uwan wanda ke ba citta ƙamshinta, ƙwari kuwa ba sa son sa. Wasu suna yin wani sinadari da ke kashe ƙananan tsutsotsi. A 1980 masana a Amurka suka auna wannan sinadarin, suka tarar ya fi na tumatirin gida yawa fiye da sau 70.

Ku haɗa wannan da abin da na faɗa ɗazu. Sharon ba ta da rauni sai a wuri biyu: lokacin da uwa ke neman inda za ta saka ƙwai, da ɗan lokacin da jaririyar tsutsa ke rarrafe a bayan ganye kafin ta huda. Mu da injin feshi da wuya mu dace da wannan lokacin. Gashi kuwa yana nan dare da rana, ba ya zuwa kasuwa, ba ya jiran a sayar da akuya. Ni duk lokacin da na duba wannan ganye a madubi sai in tuna cewa Mahalicci bai bar ko ciyawar jeji ba tare da abin kare kai ba. Mu ne ba mu duba ba.

Wani zai ce, to namu ma ai yana da gashi, ga shi mun murza mun ji wari, me ya sa sharon ke cinye shi? Tambaya ce mai kyau. Namu yana da gashi mai kai, amma tulunsa ƙarami ne, maganin ciki kuma ba shi da ƙarfi kamar na jeji. Irin gashin nan mai danƙo kuwa, tumatirin gida yana fitar da shi ne yana jariri, a ganyen farko-farko, in ya girma sai ya daina. Ɗaruruwan shekaru mutane suna zaɓen iri, kuma kowa ya san abin da manomi ke dubawa in zai ɗebi iri: ɗa babba, ja, mai nama, mai jure tafiya a mota. Ba wanda ya taɓa juya ganye ya ce bari in zaɓi mai gashi. Kamar kaza ce da fakara. Kaza ta fi nama da ƙwai, amma in shaho ya kawo hari fakara ta fi ta sanin abin yi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a gonakin Afirka. Masu binciken auduga sun daɗe da sanin cewa auduga mai gashi a bayan ganye ta fi jure ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke tsotse ganye, shi ya sa suka riƙa zaɓen mai gashi da gangan. A tumatir ma ana wannan ƙoƙari. Jami'ar Cornell a Amurka, da jami'ar Lavras a Burazil, da Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya da ke Taiwan, duk sun yi shekaru suna haɗa auren tumatirin gida da na jeji. An sami 'ya'yan da ƙwari ba sa so sosai. Wahalar ita ce ɗan jeji ba ya zuwa da alherinsa kaɗai, yana zuwa da halin gidansu: ƙananan 'ya'ya, jinkirin nuna, ƙarancin amfani. Kuma ba ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da wannan kariya ba, suna da yawa, a warwatse. Sai an yi ta maimaita aure zuriya bayan zuriya kafin a raba alherin da sauran kayan. Aiki ne na haƙuri, kuma har yanzu yana hannun masu bincike.

Na tsaya a kan wannan ne domin in ja kunnenmu. Bara wani ɗan'uwa daga ɗaya cikin ikkilisiyoyinmu ya kawo mini iri a ƙulle cikin leda, babu suna babu takarda. Ya ce a kasuwa wani ya sayar masa da tsada, wai irin da sharon ba ta ci. Ya shuka rabin gonarsa da shi. Sharon ta ci shi yadda ta ci na maƙwabcinsa, abin da ya tsira kuma bai yi kyan kasuwa ba. 'Yan'uwa, irin da muke shukawa a nan, UTC ne, Roma ne, Ɗan Siriya ne, ko 'yan auren nan na cikin gwangwani, ba domin sharon aka yi su ba. Ko haruffan VF da kuke gani bayan sunan Roma, suna nufin yana jure wasu cututtuka biyu na ƙasa masu sa tumatir yaushi, ba ƙwari ba. Duk wanda ya ce yana da irin da ya fi ƙarfin sharon, ku ce ya nuna takarda, ku kuma tambayi malamin gona, ko a bincika a tashar NIHORT da ke Bagauda ko cibiyar IAR ta Samaru. Bagauda dai ba nisa gare ta da mu ba.

To in irin bai iso ba, me wannan magana za ta amfane mu bana? Abu na farko, taki. An gwada an gani cewa in aka cika wa tumatir takin zamani mai sa ganye, irin yuriya, ganyen yana yin laushi da ruwa-ruwa, tsutsar ta fi jin daɗinsa ta fi rayuwa. Har a tumatirin jeji an ga yawan taki yana rage gashi mai kai da maganin cikinsa. Mu kuwa muna son mu ga gona ta yi duhu, mai wucewa ya ce wane ya iya noma. Wannan duhun gayyata ce. A sa takin gargajiya tun wajen gyaran fangali, a raba na zamani kashi-kashi, kada a zuba shi gaba ɗaya.

Na biyu ya fi nauyi, kuma a nan nake roƙon iyayena su yi mini haƙuri. Akwai wani ɗan ƙwaro kore siriri mai dogayen ƙafafu da ke zama a tumatir. Shi gashin ba ya hana shi tafiya, tsire-tsire masu gashi ma ya fi so. Abincinsa ƙwan sharon da jariran tsutsarta da farin ƙuda. A kudancin Sifen manoma saye suke yi su saki a gonakinsu, kuma yana cikin abin da ya taimake su suka shawo kan sharon. Ana samunsa a gonakin tumatir a Afirka ma, kyauta. Ba zan ɓoye muku ba, in ya yi yawa ya rasa abinci yakan tsotsi tumatirin, kuma akwai wasu ƙananan abokan manomi da gashin kan maƙale su su ma. Ba abin da ba shi da nasa gefen. Amma in muka haɗa magani uku a tanki ɗaya muna feshi duk bayan kwana biyu, wa muke kashewa? Sharon tana cikin ɗaki. Na waje su ne wannan ɗan koren ƙwaro, da gizo-gizo, da zuma, da yaron da ya goya injin babu takalmi babu abin rufe hanci. Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Ga shi kuma sharon tana saurin sabawa da magani. A ƙasashe da dama magungunan da suka yi aiki da farko sun daina, saboda an nace wa iri ɗaya. In feshi ya zama dole, a yi shi da yamma, da maganin da malamin gona ya nuna, a kan ma'aunin da ke jikin kwalba, kuma kada a bi zuriya biyu a jere da magani mai aiki iri ɗaya. Canza sunan kwalba ba canza magani ba ne, sai an duba abin da ke ciki. A kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka. Wanda zai ci wannan tumatir a Kano ko a Legas maƙwabcinka ne ko da ba ka san fuskarsa ba.

Iyayenmu mata, na san ku ne masu yanka kauɗa, ku ne kuma kuke wanke rigar feshi. A wanke ta dabam, ba tare da kayan yara ba. Kwalbar magani kuma kada ta koma ta gishiri ko ta man gyaɗa.

Sauran abubuwan kun sha ji. A yi dashe da wuri domin a ci yawancin amfanin kafin zafin Maris. A rufe reno da gidan sauro, kada a kai dashe mai tabo gona. A tsinke ganye mai tabo a binne shi, ba a jefar a bakin kanal ba. Da dare a ajiye faranti da ruwa da ɗan omo, a sa fitila a kai, da safe za ku ga abin da ya faɗa. Ruwan 'ya'yan darbejiya yana taimakawa tun tsutsa na ƙarama, amma ba ya tayar da gonar da ta riga ta ƙone. Gauta da yalo da dankalin Turawa da zaƙami duk dangin tumatir ne, tana iya fakewa a cikinsu, sai a sa musu ido.

Abu ɗaya ne ba wanda zai iya shi kaɗai. In ka gama tsinka ka bar karan tumatir a tsaye ka tafi, ka bar wa maƙwabcinka gidan haihuwar sharon. Malam-buɗe-littafi bai san iyakar gona ba, bai kuma san wane ne Kirista wane ne Musulmi ba. Ruwan kanal ɗaya muke sha da maƙwabtanmu, saboda haka ina roƙon dattawa su kai wannan magana ga masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin masu ban ruwa, a tsai da lokaci ɗaya na tuge kara da ƙonawa a kowane yanki.

Ga abin da ofishinmu yake so mu gwada bana. Kowace ikkilisiya ta ba da fangali shida a gonar mutum ɗaya mai aminci. A shuka iri uku da aka saba da su a ƙauyen, kowanne fangali biyu, ɗaya da takin da aka saba zubawa, ɗaya da rabin yuriyar tare da takin gargajiya. In akwai tsohuwar da ke riƙe da irin ƙananan tumatirin nan da ke fitowa da kansu a bayan gida, a roƙe ta a sa layi ɗaya a gefe. Ban ce zai tsira ba, so nake mu gani da idonmu. Kowace Asabar matasa biyu su ɗauki tsire goma a kowane fangali, su ƙirga ganyen da ke da tabo, su rubuta a littafi tare da kwanan wata. Mun sayo ƙananan madubai na ƙara girma, za a ba kowane sakataren ikkilisiya ɗaya, ya sa hannu, ya dawo da shi bayan girbi. A bar yara ma su duba, su ga kan ashanar nan da na faɗa da idonsu.

Zan zagayo sau biyu a wata daga Disamba zuwa Afrilu. Bayan Ista za mu sake haɗuwa a nan, kowace ikkilisiya ta zo da littafinta. Sakatarori su tsaya bayan addu'ar rufewa domin karɓar madubi da takardar ƙirga.  In akwai tambaya, ga ni.